Kasuwar Kifi a Kan Tudu

Idan zan tafi lekol, makarantar da nake koyarwa, da safe hanya biyu gare ni. Gajeriyar ta bi ta gaban sabuwar kasuwar kifi, doguwar kuma ta zaga ta tashar kamiyoyi, manyan motocin kaya, inda hayaƙi ke cika wa mutum hanci tun bai karya ba. Doguwar nake bi. Matata ta ce wannan rigimar tsufa ce, wai ginin bai ma san ina fushi da shi ba. Na ce ni ai na sani, kuma likita ya hana ni kallon abin da zai tayar mini da hawan jini da sassafe.

Dalilin fushin nan yayata ce. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar innarmu, kuma da hayaƙin banda ta sa ni lekol har na zama malami. Tun ranar da na fara koyarwa ta daina kiran sunana, sai Mushe, yadda ake kiran malamin lekol a nan, kuma tana jan kalmar ne yadda ba za ka gane girmamawa ce ko tsiya ba. Sana'arta bandar kifi a mashigin da ke ƙasan garinmu na Gaya, inda sarkawa, masuntan gulbi, ke saukowa da jiragensu bayan sallar asuba. Nan innarmu ta yi tata sana'ar, nan ma kakarmu. Mijin Yaya ya daɗe da rasuwa, gidanta kuwa cike yake da bakin ci: jikoki, ɗiyarta da aure ya mutu ta dawo, da wata tsohuwa dangin miji da ba wanda ya tuna ranar da ta zo. Dukansu daga jirgi ɗaya suke ci.

Wanda bai tashi a bakin gulbi ba zai ɗauka kifi saye da sayarwa ne kamar tumatir. A mashiginmu kowane basarke da uwar ɗakinsa, kowace mai banda da jirginta. Idan jirgi ya doso gaɓa, matar ce ke ɗaure zani, ta shiga ruwa har gwiwa, ta kama hancin jirgin ta jawo shi. Da ta kama, kifin da ke ciki ya zama nata. Basarke ba ya ciniki da safe, ba ya awo. Juye mata yake yi a tasa, ya wanke jirginsa ya tafi ya kwanta. Sai ta gyara, ta banda, ta sayar, sannan ta kai masa rabonsa har gida. Ranar da ruwa ya hana, ita ke aika wa iyalinsa gero. Taru ya yage, ita ce. Matarsa ta haihu, ita ce. Shi kuma ko giwan ruwa ya kama mai girman ɗan maraƙi, ko wa ya tare shi a tsakiyar gulbi da kuɗi a hannu, ba zai sayar ba, sai ya kawo wa mai riƙe masa jirgi. Akwai kuma abu ɗaya da basarke na ainihi ba ya yi, ba ya ɗaukar kifi ya hau tudu da shi. Aikinsa a bakin ruwa yake ƙarewa. Talla a wurinsu abin kunya ne da ake yi wa mutum gori da shi har kan jikokinsa.

Jirgin Yaya na wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. Innarmu ce ta fara riƙe masa tun yana saurayi, da ta rasu Yaya ta shiga ruwa a madadinta, ba wanda ya yi shawara da wani. Mutum ne siriri, marar magana, da wata malfa da ruwa ya cinye bakinta. A iya sanina ban taɓa jin sun yi hira mai tsawo ba. Zai gaishe ta da yarensu ya ce, "Fofo, ɗiyata," ta ce, "Sannu da ruwa, Baba," shi ke nan sai gobe.

Ba zan yi ƙarya in ce mashigin nan aljanna ne ba. Ƙazanta kam akwai ta. Ɓawon kifi da hanji a ko'ina, ƙudaje sun fi mutane yawa, ga santsin laka a gangaren da ya karya ƙafar mace fiye da ɗaya. Ba makewayi, sai bayan ciyawa. Matan da kansu sun san haka, kuma sun gaji da roƙo a zuba musu duwatsu a gangaren, a haƙa musu makewayi, in da hali a kafa rumfa ko ta kara ce. Kullum safiya mai tike na zuwa da jakarsa a rataye, ya yaga musu ƴar takarda su biya, ƙarshen shekara kuma ga fatanti, harajin sana'a. Mai tiken nan bai taɓa fashi ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Duwatsun ne dai ba su samu hanya ba.

Sai wata shekara aka kafa wani komite na gyaran kasuwanni. Kada ka tambaye ni wa ya kafa shi, don ni ma na tambaya, kowa ya nuna mini na samansa. Aka ce an samu furoje, wato tallafi daga masu ba da agaji, za a haɗa da kuɗin tike a yi wa masu kifi abin da ba a taɓa gani ba. Nan kam sun cika alkawari. Suka haye can kan tudu, bayan gari, inda ko kwaɗo ba ya kuka, suka ɗaga gini. Teburan siminti aka lulluɓe su da farin karo mai santsi irin na banɗakin masu kuɗi, rufin kwano shuɗi, pompo a kowane layi, da wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da aka ce ɗakin sanyi ne. A bangon gaba aka zana wani kifi mai dogon baki kamar takobi, wanda tun da Allah ya halicci gulbin nan ba a taɓa kama irinsa ba. Na ji an ce a cikin salula mai zanen ya samo shi.

Ranar buɗewa aka rufe mana lekol, aka ce mu zo da yara su yi tafi. An jera kujerun roba, amsa-kuwwa na ta ƙara, manya sun zo da motoci masu baƙin gilashi. Aka raba wa matan farar riga da hular leda, aka tsayar da su bayan tebura don hoto. Kifin da ke kan teburan a safiyar nan aka sayo shi daga mashigi, daga hannun matan da ke tsaye, aka hauro da shi a bayan mota. Pompo ya kawo ruwa ranar, na gani da idona. Daga baya ne muka ji cewa masu ga-ruwa aka sa suka cika tankin da bido, jarkokinsu na ruwa. Yaya ta hango ni cikin taro, ta ɗaga mini gira daga ƙarƙashin hular leda, na juya kai don kada in fashe da dariya a gaban direktanmu.

Ni har ga Allah na ɗauka nan abin zai tsaya. An ci, an sha, an yi hoto, kowa ya koma inda ya fito, gini ya zama na awaki kamar ƴan uwansa da ke warwatse a gari. Da haka aka yi da na yafe musu. To amma ginin da ba kowa a ciki abin kunya ne idan masu furoje suka dawo dubawa, sai aka bi shi da doka. Mai shela ya zaga gari: an hana miƙa kifi a bakin ruwa. Kowane masunci ya kawo kamunsa sabuwar kasuwa da kansa, a ɗora a kilo, ya biya nasa tiken, sannan mata su saya. An kuma hana hura wuta a cikin kasuwar, kada hayaƙi ya ɓata fenti. Ka ji fa, kasuwar masu banda, an hana wuta! Mashigin aka zagaye shi da waya, aka kafa allo cewa za a yi lambun shaƙatawa, aka ajiye ƴan gadi da kulake.

Wasu samarin sarkawa suka bi, suna gunaguni. Baba ya kwana biyu bai shiga ruwa ba. Rannan ina kan hanyar lekol sai na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Baba ne a bayan kabu-kabu, ya rungume tasa cike da kifi a cinya, malfarsa na neman tashi, ƙafafunsa da ba su san takalmi ba suna lilo kusa da bututun hayaƙi. Masu shayi na bakin hanya suna nuna shi suna dariya, wani marar kunya ya ɗaga murya, "Baba, nawa-nawa?" Saboda Yaya ya yi haka, ba don kowa ba. Na juya moto, babur ɗina, na bi su.

A kasuwa muka tarar mai kilo bai zo ba. Ma'aikaci ne, sai hantsi yake fitowa, makullin ɗakin kilo kuma yana aljihunsa. Baba ya ajiye tasa ya tsuguna a gefenta. Yaya na tsaye bayan teburinta, tana kallon kifinta, doka ta hana ta taɓa shi. Kwanon rufi ya fara ɗaukar zafi, ƙudajen da aka ce an gudar wa suka iso, su ba su jira shela ba. Tarwaɗa mai taurin rai ce, tana ta motsi, amma karfasar da ke ƙasa cikinta ya fara kumbura. Na ce wa mai gadin kasuwa ya bari ta fara fasawa kafin mutumin ya zo, ya ce shi umarni aka ba shi. Na gaya masa abin da na gaya masa, na tafi aji a makare ina huci.

Da yamma na je gidan Yaya na tambaye ta yadda aka ƙare. Ta ce da mai kilo ya iso, ya tambayi Baba sunansa da katinsa na masunci a gaban mutane, sai Baba ya miƙe, ya bar tasar nan, ya kama hanyar gulbi da ƙafa bai waiwayo ba.

"Ya ce miki wani abu?"

"Mi za ya ce, Mushe? Ni dai da ƙasa ta buɗe da na shige. Mutumen da inna ba ta taɓa bari ya taka tudu da kihi ba, yau ga shi tsugune awa mai bara."

Daga nan suka koma ɓoye. Akwai wani lungu ƙasa da mashigin, cikin dogayen ciyayi, inda waya ba ta kai ba. Mata da yawa can suka koma, Yaya ma ta bi, Baba na iske ta. Abin ya yi tafiya har ranar da ƴan gadin suka ritsa su. Masu ƙafa suka watse cikin gonakin shinkafa. Yaya tana ruwa har gwiwa, hannunta a kan jirgi, ga jiki ga shekaru, ina za ta? Aka ƙwace tasa da kifin, aka ɗora a amalanke, aka sa ta bi shi a baya ta tsakiyar gari, zaninta na ɗigar ruwa, har biron komite, wato ofishinsu. Aka ci ta tara. Kifin kuwa aka ce an lalata shi saboda lafiyar jama'a, ko da yake unguwar ƴan gadin ranar ta yini da ƙamshin suya.

Na ce mata ta koma lungun, kowa ma komawa zai yi, in an sake kamawa ni zan biya. Ta ce a'a.

"Kai ma'aikaci na. Yau an ce yayar Mushe anka kama, gobe a ce Mushe. In sunka ɗauke ka sunka jefa wani ƙauye can arewa, wa ka riƙon ɗiyanka? Bari in bi dokar ga in ga iyakarta."

Na yi mata rantsuwa ba wanda zai taɓa aikina a kan tasar kifi. Amma Yaya idan ta kafe, gara ka tsaya ka yi wa turmi bayani.

Sai na tafi biron komiten da kaina. Na yi zaman benci har ƙafata ta mutu, mutane na shiga suna fita, kowa da fayil a hamata. Da aka shigar da ni, wa zan gani a bayan tebur? Wani da na koyar a aji, yanzu ya yi tumbi, kilim, na'urar sanyaya ɗaki, na hura masa sanyi a ƙeya. Ya miƙe da ladabi, ya ba ni kujera, ya aika a kawo mini ruwan sanyi. Na soma yi masa bayanin yadda ake riƙon jirgi, sai ya tare ni.

"Mushe, ai na sani. Kakata ma banda ta yi. A mashigin nan aka yaye ni."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai. Da bai sani ba da na ce rashin sani ne, in samu inda zan ajiye fushina. Na ce to don girman Allah, tunda ka sani, me ya hana a yi ginin a bakin ruwa? Ya ce filin bakin ruwa ambaliya na ci, masu furoje ba su yarda da shi ba, na tudu kuwa akwai wani bawan Allah da ya taimaka ya sayar. Yana faɗin haka yana gyara takardun da ba su karkace ba. Na ce to a bar matan su karɓa a ruwa su hauro da shi da kansu mana, a auna a sunansu. Ya ce ai manufar ke nan, masunta ma su shiga tsari su biya. Na ce kuɗin da aka yi shekara da shekaru ana karɓa fa, ina duwatsun gangare? Ya ce wannan wani fanni ne, ba na komite ba. Ɗakin sanyi fa? Ana jiran a jawo kuran, wutar lantarki. Pompo? Ana jira. Komai ana jira, tike ne kaɗai ba ya jiran kowa.

Muryata ta hau, na sani, don na ga sakatariyarsa ta leƙo. Na ce masa abin da aka kashe wa kujerun roba da zanen kifin nan mai takobi kaɗai ya isa a haƙa makewayi har a yi masa ƙofa. Na ce a wace ƙasa ake ɗaukar kuɗin mutum a gina abin da za a kore shi daga sana'arsa da shi? Ya bar ni na gama tsaf, ya rako ni har bakin ƙofa, ya ɗan rusuna ya ce, "Za mu duba, Mushe. A gaida Gwaggo." Na fito ban sha ruwan nasa ba.

Yaya ta zauna a kasuwar tudu, ita da ƴan tsirarun da suka bi doka. Kifin gulbi ya daina hawowa, sai suka koma sarin kifin kwali, daskararren nan na teku da kamiyoyi ke kawowa daga kudu, wanda kafin azahar ya narke ya jiƙa farin karo da ruwan ƙarni. Mu da gulbi ke wucewa ta bayan gidanmu! Ta ce ko sunan kifin ba ta sani ba. Ta gwada banda shi a gida, maƙwabta suka yi ƙorafin hayaƙi, masu saye kuma da suka saba da hannunta, har daga Tanda da Yelu, suka ɗanɗana sau ɗaya ba su dawo ba. Gidan ya fara nunawa. Aka daina ɗora tukunyar rana. Na riƙa kai abin da zan iya, tana karɓa tana kallon gefe, ni kuma in fito da sauri kamar na yi sata.

Baba kuwa ya ci gaba da zuwa lungun nan da kifinsa, ya tsaya a ruwa. Matan na nan, suna ganinsa, amma ba wadda ta miƙa hannu. A mashiginmu mace ba ta kama jirgin da ta san na wata ne, ko mai shi ba ta nan. Wadda ta yi haka ta gama zaman lafiya a bakin ruwa. Don girmama Yaya suka bar dattijon nan yana shawagi da kifi a jirgi har rana ta ɗaga. Yaya ta aika musu ta ce wata ta riƙe mata kafin abin ya lafa, kowace ta ce ba da ita ba. Ƙarshe ya juya hancin jirginsa ya haye gaɓar Benin, inda ba waya, ba kuma wadda ta san jirgin wa ne. Wata mata a can ta shiga ruwa ta kama.

Da labarin ya iso, na zo ina kumfar baki, Yaya ta ce in rufa mata baki. "Shi ma da iyali gidanai. So kake su ci mi?"

Da farko ta ci gaba da aika wa gidansa gero, kamar yadda aka saba, har ta rasa wanda za ta aika. Cikin damina matar Baba ta kwanta rashin lafiya, ba ta tashi ba. Na raka Yaya gaisuwa. Muka tarar da wata baƙuwa, doguwa, mai Hausar haye, tana tsaye a kan tukwane tana rabon abincin sadaka, tana ba da umarni, ana amsa mata. Wurin Yaya ke nan a irin wannan rana. Yaya ta zauna cikin sauran mata a kan tabarma, ta yi addu'a, muka taso.

Dokar nan ba a taɓa soke ta ba, a tsaye ta mutu. Aka daina biyan ƴan gadi, ɗaya ya koma kabu-kabu, wani ya tafi ci-rani Nijeriya. Wayar aka riƙa yanka da kaɗan-kaɗan, yanzu duk lambun albasa na wajen yana da rabonsa. Lambun shaƙatawa ko icce ɗaya ba a dasa ba. Mata suka koma mashigi, mai tike ya bi su da jakarsa, ya ci gaba da yaga musu takarda a daidai wurin da doka ta ce haramun ne su tsaya. Ɗakin sanyi kuwa mai gadin kasuwa ya samu wurin ajiye motonsa da buhunan gawayi.

Yaya ta ce ba ta komawa sai ta ji daga bakin hukuma. Na sake hawa biro, na tarar komiten ya watse, an kafa wani da sabon suna, wai suna neman kuɗin gyara kasuwar tudu a sake mata fenti. Na tambayi wanda na samu ko an ɗage doka. Ya ce ba a ɗage ba, amma ba a aiki da ita. Na ce to in gaya wa tsohuwa ta koma? Ya ce shi bai ce ba, bai kuma hana ba. Na dawo na ce wa Yaya an ɗage, don na gaji.

Ta aika wa Baba saƙo, ta wanke tasarta, ta ce in zo bayan sallar asuba in kai ta a moto. Gangaren na nan yadda muka san shi, na riƙe ta muka sauka a hankali. Matan suka tare ta da guɗa da tsiya, wata na cewa ina hular leda, wata na cewa ƴan tudu sun sauko. Ta yi dariya, ta ɗaure zani, ta shiga ruwa. Jirage suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne mai shi ta kama. Na Baba ne ya zo ƙarshe, kuma daga wajen haye ya ɓullo. Ni ma da alli ya cinye hannuna na gane daga yadda jirgin ke tafe sama-sama cewa ba komai a ciki. Ita ta riga ni ganewa, amma ba ta fito ba. Ta jira har ya iso, ta kama hancin, suka gaisa.

Baba ya ajiye filafili a cinya.

"Saƙonki ya iske ni. Na ce ba ni aiko da amsa, in taho da kaina." Ya ƙara da cewa, "Wadda ta riƙe min can haye, da uwar ɗiyana ta kwanta, ita ta kai ta likita. Ita ta yi jinya, ita ta sai likkahwani. Ba ni iya ɓamɓare hannunta, ɗiyata."

Har masu fasa kifi suka tsayar da wuƙa. Yaya ta gyaɗa kai.

"Baba, da ka zo min da kihi yau, da na rena ka."

Ta tambaye shi ciwon bayansa, ta tambayi jikoki ɗaya-ɗaya, ya amsa. Sannan ta sa hannu biyu ta tura jirgin da kanta ya koma ruwa, ta tsaya har ya juya. Ina gaɓa riƙe da tasa, na ji kuka na zo mini, fushi ya tare shi. Na so in samu wanda zan shaƙe, na duba ko'ina ba kowa sai mata da kifinsu. Jiragen mashigin kowanne da mai shi, kuma jirgi ba abu ne da ake samu a kasuwa ba. Na san ta gama banda ke nan, ita ma ta sani.

Ta fito ta matse bakin zaninta. Mun fara hawa gangare sai ta tsaya wajen wata matashiya da ita ta koya wa riƙon wuƙa, ta nuna ƴan karfasa a gefen tasarta, ta ce a sa mata na miya. Matar ta kwashe ta zuba mata a leda da sauri. Yaya ta kwance bakin zani.

"Haba Inna, don Allah! Ni in amshi kuɗinki?"

"Amshi, ke ma saye za ki yi wata rana."

Ba ta taya ba, don ba ta san yadda mai saye ke tayawa ba, ta dai ajiye kuɗin a kan murfin tasa. Tun da aka haife ni, ranar ce ta farko da kifin gulbi na saye ya shiga tukunyar gidanmu. Ta yi miya da hannunta, ta hana ni tafiya sai na ci. Jikoki suka ci suna santi, ita kuwa ta ce ba ta jin yunwa.